Irin Ayoyon Mma

Litinin, 15 ga Afrilu

Yau na kwance ƙullin da Mma ta bar mini. Tun da ta tafi aikatau Saudiyya, an kusa shekara biyu, yana ƙasan jakata. Irin ayoyo ne, wato lalo, na wanda take shukawa bayan ɗakinmu na dā a unguwar Madina ta nan garin. Bai cika tafin hannu ba. Tsumman ma bakin tsohon ɗankwalinta ne.

Ta ce za ta zo Babbar Sallah. Ta ce ba abin da take marmari a can kamar tuwo da miyar ayoyo. Ina so ta zo ta ci nata, ba na kasuwa ba.

Gidan Anti Memunatu, ƙanwarta, inda nake zaune a unguwar Nima, siminti ne ko'ina. Na yanke jarka biyu, na huda gindinsu da ƙusa, na ɗebo ƙasa bayan masallaci. Na shuka rabi, na ƙulle rabi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Shiru.

Laraba, 24 ga Afrilu

Da mun dawo daga sayar da koko nake zuwa in tsuguna. Ruwan alwalata nake tarawa a roba in zuba musu. Anti ta ce, “Wadia, ƙasar za ta yi miki magana ne? Ke da ita duk bebaye.” Mutanen gida suka yi dariya. Na shiga ɗaki.

Abu biyu sun fito, na yi ta murna. Ashe ciyawa.

Talata, 30 ga Afrilu

Kaka Amama, tsohuwar ɗakin ƙarshe, mutuniyar Nijar, ta kira ni. Ban taɓa ce mata komai ba sai gaisuwa. Ta tona da yatsa, ta ga irin yana nan yadda na sa shi.

“Kin tsoma shi a ruwan zafi?”

Na ce a'a.

“To jikata, ko shekara zai yi yana barci. Bawonsa tauri gare shi. A tsumma ake ƙulle shi a tsoma a tafasasshen ruwa. Uwarki ba ta nuna miki ba?”

Wataƙila ta nuna. Lokacin ba na kallo. Na ɗauka kullum tana nan.

Laraba, 1 ga Mayu

Ba zan iya ba. Wanda ya rage ke nan. In ya dahu fa? Wa yake dafa iri ya shuka?

Na yi wa Mma saƙon murya da wayar Anti. Ba ta buɗe ba. Ran Juma'a kawai matar gidan da take aiki take ba ta wayarta, wani lokaci ma ta manta.

Asabar, 4 ga Mayu

Jiya ma ba ta buɗe ba. Sallah saura sati shida.

Da safe Anti ta ɗora ruwan koko. Da ya tafasa na je ƙofar Kaka na tsaya, na kasa sallama, sai da ta ga ƙafata a ƙasan labule. Ta ɗebo ruwan a kwano. Na miƙa mata ƙullin, ta ƙi karɓa.

“Naki ne. Ke za ki sa.”

Na sa. Ta ce in yi Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ba sauri, sannan in cire. Ɗankwalin Mma yana ta tururi. Na yi kuka kaɗan, na ce hayaƙi ne. Anti ba ta yi mini tsiya ba, ta dai ce in matsa daga bakin murhu.

Laraba, 8 ga Mayu

Sun fito. Ƙanana kamar kan allura, kowanne da kunne biyu. Na ƙirga talatin da ɗaya, na sake ƙirgawa, talatin da huɗu.

Juma'a, 24 ga Mayu

Akuyar maƙwabta ta shigo ta sa baki. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, har Anti ta leƙo ta taga: “Ashe da murya?” Mun kewaye jarkokin da tsohon gidan sauro.

Idan ina cire ciyawa ba na tunanin komai. Ko ƙarar motocin trotro ba na ji. Sai na tashi nake tuna Mma, sai in ji kamar na yi laifi.

Juma'a, 7 ga Yuni

Mma ta turo saƙo. Ba za ta zo ba. Sun ƙara mata shekara ɗaya. Tana magana ƙasa-ƙasa kamar a bayan ƙofa take. “Ki yi haƙuri, ki ji maganar Antinki.” Game da irin ta ce, “Kin sa shi a ruwan zafi dai ko?”

Na saurara sau biyar.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban ba su ruwa ba. Jiya ma.

Talata, 11 ga Yuni

Na tarar da ƙasar a jiƙe. Ban tambayi wa ya zuba ba. Butar Anti ce a gefen jarka.

Kaka ta ce in ba a yanka ayoyon ba, zai yi fure, ganyen ya yi tauri, ba mai ci. Na ce na Mma ne. Ta ce, “Na sani. Shi ne bai sani ba.”

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya Sallah. Na yanka. Ni na kaɗa miyar, Anti tana tsaye a kaina tana cewa kanwa ta yi yawa. Ba ta yi ba. Ta ci, ta ƙara, can ta ce haka miyar Yaya take, ta tashi ta fita wai wanke hannu. Ta daɗe. Ban taɓa tunanin ita ma tana jira ba.

Na kai wa Kaka nata. Guda huɗu ban taɓa su ba, na bar su su yi iri.

Asabar, 10 ga Agusta

Kwanson ya bushe, na murza shi a faranti. Irin ya fi wanda Mma ta bar mini yawa. Na ƙulle rabi a ɗankwalinta. Sauran rabin, Anti ta ce mu shuka, ta samo jarka uku, gobe za ta ƙara ruwa a tukunyar koko.

Sai yanzu da na rubuta Asabar na ga jiya Juma'a ce. Ban karɓi wayar Anti ba. Zan karɓa anjima, in na gama huda jarkokin.