Angon Shebur

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Ina fatan Yaya da yaransa suna lafiya. Ni ƙalau nake. Siminti ne ya ɗan tsattsage mini hannu, shi ya sa rubutun ya karkace, kada ki damu.

Kin tuna Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya wanke hannu sai ya kankare fartanyarsa? Haka nake yi a wurin ginin nan. In an tashi, kowa ya yar da shebur, ni sai na wanke nawa tas. Wata uku leburori suna kirana angon shebur. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Jiya babban magini ya duba kayan aiki. Duk siminti ya daskare a jikinsu, ban da nawa. Ya miƙo mini cokalin gininsa, ya ce, "Ango, gobe kai za ka ɗora bulo."

Ba zan dawo ba sai na ƙware. Ki sa mini albarka. Kuma ki gaya wa Yaya, in zai bar fartanyar Baba ta kwana da laka, ya ajiye mini ita.

Autanki