Motar Marigayi Mailafiya

Yalwawa, Dutse

Zuwa ga Malam Muntaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Malam Jaji ke rubuta mini.

An yi sadakar arba'in ta yayanka, malamai sun ce a zo a raba gado. Magada mu uku ne: ni, da 'yarsa Hassana, da kai. Abin da ya bari gonar Buji ce da motar nan da ya saya hannun Baturen gyaɗa. Gona kowa ya san kuɗinta, mota kuwa duk Dutse ba mai iya yi mata kuɗi. Kai ke tuƙa babbar mota a Kano, ka zo ka duba ta tsakani da Allah. Shekara bakwai tana bargar doki, na lulluɓe ta da zana, kullum ina yayyafa ruwa a ƙarƙashinta kada zafi ya dame ta.

A gaida mutan gida.
Matar yayanka, Zinariya

Fagge, Kano

Zuwa ga Yaya Zinariya,

Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya. Na taso ban yi miki sallama ba, uban ɗakina ke jira.

Na duba mota ciki da waje, har ƙarƙashinta na shiga. Yaya, kin iya riƙon amana! Agogon da ke ƙirga tafiyarta ko mil dubu biyu bai cika ba, abin da nake cinyewa a wata guda. Yaya Mailafiya tsoron hanya ya yi, ya ajiye ta kamar amarya. Na murɗa mata hannun tayar da inji, inji ya amsa. Na shaida wa malamai ta yi fam sittin, gona kuwa talatin da shida.

Ku ne masu babban rabo, ku ɗauki babban abu. Ni ku bar ni da yashin Buji, na haƙura don marainiya. Ki ci gaba da yayyafa mata ruwan nan.

Ƙaninki, Muntaka

Yalwawa, Dutse

Malam Muntaka,

Ina gaisuwa. An gama rabo yadda ka faɗa, shaidu sun ji. Hassana ta yi ta kuka, wai gonar ce ke ciyar da mu. Na tsawata mata, na ce baffanta ya fi mu sanin duniya. Ɗanmusa mai awon gyaɗa a Garki ya aiko yana son motar, zai zo da kaka. In an sayar da ita, zan saya mana wata gona kusa da gida. Allah ya saka maka da alheri.

Zinariya

Yalwawa, Dutse

Muntaka,

Malam Jaji ya ce in fara da gaisuwa, to na gaishe ka.

Ɗanmusa ya zo da direbansa, unguwa ta taru kallo. Direban ya kama ƙofa zai buɗe, sai ƙofar ta biyo hannunsa. Ya taka ciki, ƙafarsa ta zurma har ƙasa. Ashe ƙashin jikinta katako ne, ƙarfen nan rufi kawai aka yi masa. Gara ta cinye shi tas, sai jar ƙasa ke zuba. Direban ya ce da ta yi ta yawo da ta tsira, zama a danshi ne ya kashe ta, kuma ɓarnar ba ta bana ba ce ba ta bara ba. Ya ce duk wanda ya leƙa ƙarƙashinta ya gani.

Ɗanmusa ya tambaye ni, “Baiwar Allah, wa ya ce ki riƙa ba mota ruwa?” Aka kwashe da dariya har da yara. Ya taya inji fam huɗu.

Na tuna ranar da ka fito daga ƙarƙashinta kana kaɗe jar ƙasa daga hularka. Na ce mene ne, ka ce ba komai. Kana ɗan shekara tara na shigo gidanku, ni na yi jinyarka da ka yi ƙyanda. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, ko ranar da aka fita da yayanka.

Na koma wurin malamai, sun ce na karɓa da bakina a gaban shaidu, sai dai in kai ka yarda a sake. Rumbunmu ya kusa ƙasa. Ka dawo wa Hassana da ko rabin gonar ubanta.

Zinariya

Buji

Yaya Zinariya,

Gaisuwa da fatan alheri. Abin da ya faru ban ji daɗinsa ba. An tambaye ni tafiyarta da injinta, na faɗi gaskiya. Ba wanda ya tambaye ni katako.

Gona ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Ga dami biyu na gero nan na aiko da mai jaki, zakkar gonar ce, na ga kun fi kowa cancanta. In zai dawo ki cire hon ɗin motar ki ba shi, yarana na so su yi wasa da shi.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Muntaka