Kaugaman da hedimasta ya ba Baba

Laraba, bayan isha'i.

Yau ma ni aka bar wa rarraba tambayoyi a shafinmu na binciken asali. Sunan yanka gefe guda, laƙabi gefe guda, sunan garin da mutane ke liƙawa a ƙarshen sunansu shi ma da wurinsa. Wani wai shi Sabo ya yi tambaya a kan "Kaugama", na sa ta cikin sunayen gari. Nan take ya biyo ni da saƙo: "Hajiya, ki mayar da ita sashen sunan zuri'a. Kakana Idi Kaugama ƙanin kakanku ne."

Ƙanin kakanmu kuma? Na kira Yaya Hauwa. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ke, Musa uku ne a ajin su Baba, hedimasta ya bambanta su da sunan gari, shi ya zama Musa Kaugama. Lokacin Baba yana riƙo wurin gwaggonsa a Kaugama. Kaka ai mutumin Guri ne, shi da danginsa kaf."

Na sake karanta saƙon. Can ƙasa ya ce, "Gonar shinkafar nan ta fadama har yanzu tana hannunku?"

Raina bai kwanta ba. Wataƙila da gaske dangi yake nema, Allah ya sani. Amma bai tambayi ko Baba yana raye ba, gona ya tambaya.

Tambayarsa tana nan inda na ajiye ta. Gobe zan ce ya faɗi sunan yankan Kaka. Duk Guri Maitaru ake ce masa, mu jikokinsa ma sai ranar rabon gado muka ji sunansa na yanka.