Tsohon Mashin Ya San Yatsuna

Tawa, daren Lahadi, tsakiyar bazara

Alhamdulillahi, yau na mallaki mashin ɗin buga takarda nawa na kaina! Saniya ɗaya da fari ya bar mini na saida saboda shi, in zauna bakin gidan waya ina buga wa mutane takardu. In na zaɓi mugun mashin, ba ni da wata saniyar.

Alhaji Idi mai shago ya fiddo mini guda biyu. Ɗaya sabo ne daga Sakkwato, yana walƙiya. Ɗayan tsoho ne na wani buro, wato ofis, baƙi, mai nauyi kamar turmi.

"Ɗauki sabon, Amadu," in ji shi. "Wanga tsoho ko jaki ya ɗauka sai ya yi kuka."

Raina ya biya, wallahi, amma na ce sai na taɓa. Na rufe ido kamar yadda na koya wa kaina bisa kwalin da na zana haruffa, na buga sunana da sabon. Da na duba, shirme! Ashe jerin haruffansa na Ingilishi ne, yatsuna kuwa jerin Faransanci sunka sani.

Tsohon kuwa, mai jerin Faransanci, taf-taf-taf, suna ya fito tsaf. Alhaji ya kwashe da dariya: "Kun dace, ku tahi tare!"

Bayan magariba ina gwada shi a tsakar gida, sai maƙwabcina Baba Agali ya leƙo ta katanga.

"Wannan ƙara ta mi ce, Amadu?"

Na gwada mishi.

"To, gobe ni ne na farko. Ɗana na Abijan ya daɗe bai ji ni ba."