Tirela Ga Lorna, Gareji Ga Wendell

Ni Delbert Hruska, direban tirelar shanu a Ogallala ta jihar Nebraska, ina rubuta wannan da hankalina garau, jikin ne kawai ya gaji. Likita ya daina ɓoye mini, ni ma ba zan ɓoye muku ba. Ku biyu Allah Ya ba ni, Wendell da Lorna.

Na ɗaya. Tirelar ta Lorna ce, don ita ke da lasisin babbar mota. Ranar jarrabawarta ina bakin shinge, ta zagaya motar tana nuna wa jami'i burki da tayoyi da maƙalar da ke haɗa kan mota da bodi, tana faɗin aikin kowanne. Da ta ja baya ta shiga layi ba ta taɓa komai ba, sai ga ni, ƙato, ina share hawaye da hula.

Na biyu. Gareji da kayan aikinsa na Wendell ne. Ɗana, na san wannan rabon zai yi maka ciwo. Ka fi mu duka iya tuƙi, ban taɓa musu ba. Amma lasisin nan ba ya tafiya sai da takardar likita, kai kuma sau biyu kana faɗuwa a sume a tsakar gida. Ka roƙi ƙanwarka ta yi shiru, ta ƙi, ta faɗa wa likitan da zai gwada ka. Aka hana ka takardar, lasisi ya faɗi, tun ranar ka daina amsa gaisuwarta.

Ka gaji taurin kaina, to ka ji daga mai shi: gaskiyarta ce. Mota ɗauke da shanu ba ta jiran direba ya farfaɗo, kuma waɗanda ke gabanka a titi su ma 'ya'yan wasu ne. Ni ma da zuciyata ta fara tangarɗa aka karɓe tawa takardar, na yi kwanaki ina zagin likita, sannan na haƙura. Abin da ya fi ciwon nan cin raina shi ne kujeru biyu da kuke bari tsakaninku a coci.

Na uku. Tsohuwar rigar sanyina a ba maƙwabcina Orville, ya daɗe yana sha'awarta.

Na huɗu. Ku kai ni makabarta yadda muke raka direbobi: akwatin gawa a bayan tirela, motocin abokai a jere. Lorna ta tuƙa. Wendell, ka zauna a gefenta, in an iso ƙofa kai za ka ja igiyar busa hon. Wannan ba ya bukatar lasisi. Hanyar ba ta da nisa, amma ta isa mutum ya ce wa ƙanwarsa sannu.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a titi da gida. Mahaifiyarku ta riga ni, ni ma ga ni nan tafe. Ku riƙe juna, don bayan ni ba wanda zai zauna a tsakaninku.