Jifa Ɗaya, Taku Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu

Ruwan sama ya ɗauke, kogi ya fara washewa, kifin tirawut na hawowa daga tafki zai zuba ƙwai. Sanyi kamar ya tsinke yatsu. Na ɗaura wa ƙugiyoyina gashin zakara har sun fito kamar ƙwarin gaske, na tafi gurbin ƙasan gada, wurin nan mai zurfi a kogi da muke kamun kifi. Na hau dutsen nan mai faɗi, ban motsa ba har rana ta take. Na kama biyu.

Laraba, 8 ga Mayu

Yau Tamati, ɗaya daga cikin masu kamun kifi a gurbin, ya yi mini magana a gabansu duka. Wai in tuna da al'adar gurbi: ka shiga ta sama, ka yi jifa ɗaya, ka yi taku ɗaya ƙasa, na bayanka ya matso, har ka fita ta wutsiya ka koma layi. Ni zai karanta wa wannan? Ni da marigayi mijina muka koya wa rabinsu.

"Noeline, siminti aka zuba miki a takalmi ne?" in ji shi, aka kwashe da dariya.

Na ce lokacin da nake taku a gurbin nan, shi ko majina bai iya sharewa ba. Mai son wucewa ya zagaye ni.

Alhamis, 9 ga Mayu

Kwatangwalona na hagu ne ke ciwo. A tudu da sauƙi. A cikin ruwa kuwa, da na ɗaga ƙafar dama sai ta hagun ta ce ba da ita ba, ga duwatsu da santsi. Tsoro nake ji, na rubuta, shi ke nan.

Ba wanda zai sani. Tūrangi ƙaramin gari ne, in mutum ɗaya ya ji, 'yata Raewyn ta ji. Ita kuwa ta riga ta yi wa wani ɗaki fenti domina a gidanta na Hamilton. Ranar da ta ji, da mota za ta zo ta ɗauke ni.

Asabar, 11 ga Mayu

Na isa gurbi, masu gaisuwa suka zama kurame. Su suka sani.

Lahadi, 12 ga Mayu

Raewyn ta kira. "Mama, wa ke raka ki kogi?" Na ce inuwata. Ba ta yi dariya ba. Na soya kifi da dankali, na cinye abina.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ban so rubuta wannan ba.

Da hantsi, ganyen bakin kogi duk ya yi rawaya yana zuba a ruwa, wani abu ya fizgi zarena har sandar kamun kifin ta lanƙwashe. Ya yi tsalle, na gan shi, jan zane a gefensa, kaurinsa ya kai cinyata. Rabon da in ga irinsa tun mijina na da rai.

Duk fushin da suke yi da ni, ba wanda ya karya al'ada. Kowa ya naɗe zarensa ya ja baya, suka buɗe mini hanya har wutsiyar gurbi. Kifin ya nufi ƙasa a guje. Irin wannan binsa ake yi da ƙafa, yaro ma ya sani.

Wani ya ce, "Bi shi, Anti! Bi shi!"

Na ɗaga ƙafar dama. Na mayar da ita inda take. Ina tsaye ina kallo zaren ya yi ta tafiya har ya ƙare, ya tsinke. Da ma dariya suka yi, da na san abin da zan ce. Na juyo, Tamati ba fuskata yake kallo ba, ƙafata yake kallo.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban fita ba. Duk motar da ta wuce sai na leƙa taga.

Litinin, 20 ga Mayu

Raewyn ta kira, hirar makarantar yara kawai ta yi. Ashe babu wanda ya kai mata. Mutum nawa ne a gurbin nan ranar, kuma duk masu dogon baki.

Talata, 21 ga Mayu

Na koma, don kar a ce an kore ni. Na nufi dutsena, sai na tarar da Tamati a bakin ruwa yana dafe da gwiwa, yana yamutsa fuska kamar ya sha lemon tsami.

"Tsohuwa, gwiwar nan ta matsa mini. Ki shiga bayana ki riƙe mini bel, kar ruwa ya tafi da ni."

Mutumin da na gani makon jiya yana tsallake shinge da buhu a kafaɗa. Bai ma iya ƙarya ba, gwiwar da ya dafe da farko daban, wadda ya yi ɗingishi da ita daban.

Na ce, "Ƙato kamarka, ba ka jin kunya?"

Na riƙe. Ya jefa, na jefa, ya ce taku, muka taka. Haka har wutsiyar gurbi, na bayanmu na biye a hankali, ba wanda ya ce mu yi sauri. Ban kama ko ɗaya ba. Da na fito tudu, daɗi ya cika ni har na rasa zagin da zan yi masa.

Gobe da sassafe ya ce. Dole in je, ba a barin mai ciwon gwiwa shi kaɗai a cikin ruwa.