Rasuwar Baba Mai Benci, da Saƙonmu ga Innar Kafinta

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da ba a ɗage zama a kotunsa, Ƙungiyar Masu Nazarin Gyaran Kotuna, a madadin Mai Girma Shugabanta, Mai Shari'a mai ritaya, da 'yan Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi, tana sanar da jama'a rasuwar ubanmu kuma jagoran bincikenmu, tsohon Babban Magatakardan Kotu, wanda kowa ya fi sani da Baba Mai Benci. Allah ya karɓi abinsa da hantsin Asabar, a gidansa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya yi wa shari'a hidima shekara talatin da biyar ba tare da an taɓa jin kansa da kowa ba. Da ya yi ritaya muka roƙe shi ya jagoranci bincikenmu kan jinkirin shari'a, muka ba shi ofis mai kafet da fanka, amma sau biyu kacal ya zauna a ciki. Ya ɗauki littafinsa ya koma dogon bencin da ke barandar kotu, cikin masu jira, ya shekara biyar yana rubuta sau nawa aka ce wa kowannensu ya je ya dawo. In muka kawo masa rahotannin ƙasashen waje masu kyan bango, sai ya duba su tsaf, sannan ya ce da mu: "Ku lauyoyi kun san doka, amma ba ku san zafin katako ba."

A kan bencin nan ya yi mafarkin wata irin kotu, har ya gina ta da kwali a teburin falonsa, uwargidansa Hajiya tana mitar an hana ta wurin ajiye faranti. Tagoginta a ƙasa suke, yadda na zaune zai ga sararin sama. Kujerar alƙali ba ta ɗara ta mai ƙara tsawo ba, akwai itace mai inuwa a tsakar gida, kuma duk wanda ya daɗe a tsare ba hukunci, da shi ake fara zama. In yana ba mu labarinta yakan lumshe ido, muryarsa ta yi ƙasa, har mu ma mu ji kamar iska na kaɗa labulen tagogin da ba a ko haƙa harsashinsu ba. Mun yi masa dariya da farko, kuma ni da nake wannan rubutu na fi kowa, abin da yau nake jin kunyarsa. Bara hukuma ta amince a gwada tsarin a ɗaki ɗaya. Litinin mai zuwa za a buɗe shi. Baba ya ga fenti, ya shafa tagogin da hannunsa, bai ga zaman farko ba.

Akwai amanar da ya bar mana, wadda dole mu ambata ko da ba a saba jin irinta a saƙon ta'aziyya ba. Wata dattijuwa ta daɗe tana zama kusa da shi a ƙarshen bencin. Ɗanta kafinta ne, shekararsa tara a tsare kan zargin ɓatan kayan aiki, ba a taɓa kiran shari'arsa ba saboda fayil ɗinsa ya ɓace. Da Baba ya ga gwiwoyinta sun fara gazawa, sai ya ce ta zauna a gida, ranar da ya samo fayil ɗin shi da kansa zai zo ya yi mata sallama. Ranar Alhamis ya samo shi a ɗakin tsofaffin takardu, ƙarƙashin wata karyayyiyar kujera. Babbar 'yarsa ce ta tarar da fayil ɗin a jakarsa, ta kuma shaida mana cewa tun Juma'a ya sa aka goge masa farar rigarsa, wai yana da unguwa ranar Asabar.

Shari'ar kafintan ita ce ta farko a sabon ɗakin, kuma a ƙa'ida ba za a sake shi ba sai wani nasa ya tsaya masa. Ba shi da kowa sai ita. Kafintan ya kwatanta mana gidan da ya bari, muka je muka tarar an yi shaguna a wurin; inda ta koma, Baba kaɗai ya sani. In ba ta zo ba, kalmar farko da za a furta a kotun da ya yi mafarki ita ce a je a dawo.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya, uwargidansa, da 'ya'yansa shida, da jikoki, da ma'aikatan kotu manya da ƙanana. Allah ya ba su juriyar wannan babban rashi, ya haɗa kansu a bayansa. Allah ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tsayuwa a ranar da kowa zai tsaya, yadda shi ma ya yi ta fafutukar sauƙaƙa wa bayin Allah jira.

Ba za mu buga sunan dattijuwar ba sai da izininta, haka ya koya mana. Tana yafa shuɗin mayafi da ya koɗe, tana dogara lema a maimakon sanda. Duk wanda yake maƙwabtaka da ita, don Allah ya karanta mata wannan: Inna, ki daina sauraren sallamar Baba, ba zai zo ba, amma bai saɓa alkawari ba. Ki zo Litinin da ƙarfe tara. Ki taho wa ɗanki da riga da takalmi, tare za ku koma gida.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiyar Masu Nazarin Gyaran Kotuna,
wanda marigayi yake kira Lauya Sarkin Musu